An mayar da gidan bakin layinmu filaza, fita ta gagara: mu hana ko mu haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Kano ne, a bakin layinmu an rushe wani tsohon gida an gina filaza mai shaguna wajen 40, yanzu kuma an sayi gidan da ke kusa da ita za a ƙara wata. Wallahi da yamma fita da mota sai an sha wuya, ga 'yan adaidaita ga masu sauke kaya. Wasu sun ce mu kai ƙara a hana, wasu sun ce yaranmu a nan suke samun na kashewa. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. To ni dai a ganina kada ku ɓata ƙarfinku wajen cewa a hana ginin, Kano ce fa, garin da kasuwa ta gina shi tun daga tsohuwar kasuwar Kurmi, duk wanda ya ce zai hana shago fitowa a bakin titi ya ɗauko Dala ba gammo. Abin da ke toshe muku layi ba shagon ba ne, motar da ta zo shagon ce ta rasa wajen tsayawa, kuma wannan yana da magani in an kama shi tun kafin a zuba fandisho.

Bari mu yi lissafi. Mota ɗaya tana cin wuri kamar mita biyu da rabi a faɗi, mita 5 a tsayi, ban da hanyar da za ta juya. Shaguna 40, a ce rabin masu shagon ne kawai ke zuwa da mota, mota 20 ke nan tun kafin kwastoma ɗaya ya iso, kuma su ne masu yin fakin tun safe har magariba. In mai ginin ya cinye filinsa kaf da shaguna har bakin kwalbati, to ina za su tsaya? Kan kwalta. Titi mai hannu biyu ya koma hannu ɗaya, ɗan sahu ya tsaya sauke fasinja a wannan ɗayan, mai kurar ruwa ya kutso, shi ke nan gosulo har shataletale. Shi mai filaza ya karɓi kuɗin hayarsa cif, ku mutanen layi kun biya masa kuɗin fakin da lokacinku da man motarku.

Ka duba Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 a titin gidan Zoo, ya ninka filazarku girma nesa ba kusa ba, amma motocin masu sayayya ciki suke shigewa saboda an ware musu fili. Sannan ka leƙa kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa lokacin da manyan motoci ke sauke kaya, 'yan dako da 'yan tebur da masu baro kowa a kan hanya. Kuma ba mota kaɗai gini ke tarewa ba, ambaliyar da ta shiga Kwari a damunar 2022 ta lalata atamfofi da shaddoji, abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne gine-ginen da suka hau hanyar ruwa.

Na san wani zai ce ai sai gwamnati ta yi gadar sama. An yi ta Ƙofar Nasarawa, an yi ta Dangi, an yi ta Hotoro, sun taimaki mai wucewa ba shakka, amma gada ba ta sauke mutum a ƙofar shago, wanda ya zo sayayya dole ya sauko ƙasa ya nemi inda zai ajiye mota. Ga shi tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 adaidaita sahu ta maye gurbinsa, ta fi babur cin hanya, kuma yawancin titunanmu ba a yi mata wajen tsayawa ba. Kwashe 'yan kasuwa zuwa wajen gari ma ba wasa ba ne, masu sayar da magani na Sabon Gari sai da aka kai ruwa rana har kotu kafin a mayar da su Dangwauro a 2024, ko da yake su batun kula da ingancin magani ne ya tashe su ba cunkoso ba.

Yanzu ku, tunda ba a fara ginin na biyu ba kuna da sauran dama. Mayar da gidan zama ya koma wurin kasuwanci yana buƙatar izini, kuma KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ita ce ke amincewa da taswirar gini. Ku samu mai unguwa da dattawan layi ku rubuta mata takarda da sa hannunku, kada ku cika ta da zagi da cewa ba ma so, ku faɗi abin da kuke nema ƙarara: a ja ginin baya a bar tazara tsakaninsa da titi, ƙasan benen ko gabansa ya zama wajen fakin, ƙofar shigar motoci kada ta zama a daidai kwanar layi, a bar magudanar ruwa a buɗe. Ku haɗa da hotunan bakin layin da ƙarfe 5 na yamma na kwana uku ko huɗu, hoto ya fi dogon turanci aiki a ofis. Sannan ku sa ido bayan an gama, domin an sha nuna fakin a takarda, shekara na zagayowa a gicciya kwantena a wajen a ba da haya.

Ita kuwa tsohuwar filazar rusau ba shi ne farkon magana ba. Ku zauna da mai ita da shugaban 'yan shagon, a yi yarjejeniya manyan motoci su riƙa sauke kaya bayan sallar asuba ko bayan isha'i, masu shago su nemi wani kango kusa su riƙa ajiye motocinsu su bar gaban ga kwastoma, sai ku roƙi KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, ta matsar da tashar 'yan sahu gaba kaɗan da bakin layin, ko taku talatin ne ya isa mai fitowa ya hango titi.