Wai biro suke bauta wa? Bayani kan ƙauyen Koothanur na Indiya

Tambaya: Salam Malam. Ƙanina yana karatun haɗa magunguna a jihar Tamil Nadu, shi ne ya turo min wani bidiyo ta WhatsApp na wani wurin bauta a ƙauye, ɗalibai sun yi dogon layi kowa riƙe da biro da littafi, suna miƙa wa wani mutum da ba riga a jikinsa yana kaiwa gaban gunki. Ya ce 'yan ajinsu ne suka ja shi, wai duk jarrabawa sai sun je, sunan garin Koothanur. Ni abin ya ɗaure min kai wallahi, biron suke bauta wa ko me? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. A'a, ba biron suke bauta wa ba, kai shi suke yi a sa masa albarka a nasu imanin, wadda suke bauta wa ita ce wadda ke zaune a cikin ɗakin, sunanta Saraswati, a addinin Hindu ita ce allahiyar ilimi da magana da waƙa da kiɗa. Mutumin da kika gani ba riga kuma shi ne mai kula da ibadar wurin, haka shigarsu take a kudancin Indiya, zani kawai a ƙugu sai wani zare da ya ratayo daga kafaɗa.

Koothanur ɗin nan ƙaramin ƙauye ne a gundumar Tiruvarur, kan hanyar da ta taso daga Mayiladuthurai, kusa da wani ɗan gari Poonthottam, yankin da kogin Kaveri ya rarrabu kafin ya faɗa teku, duk inda kika waiga gonar shinkafa ce da bishiyar kwakwa. Wurin bautar kansa ba wani babba ba ne, in kika kwatanta da manyan na Thanjavur ko Madurai ai kamar ɗakin soro ne. Abin da ya ɗaga shi shi ne, duk da cewa hoton Saraswati yana rataye a makarantu da shagunan littattafai ko'ina a Indiya, wuraren bautar da aka gina don ita kaɗai ba su da yawa, galibi sai dai a ba ta ɗan lungu a gidan wani abin bautar. Shi ya sa mutanen Tamil Nadu suke yawan cewa wannan ne nata na kanta a jiharsu.

Sunan garin ma daga wani mawaƙi ya samo asali, Ottakoothar, wanda ya rayu a ƙarni na 12 ya yi wa sarakuna uku na daular Chola ta yankin waƙa a jere, Vikrama da Kulothunga na biyu da Rajaraja na biyu. Labarin da ake bayarwa shi ne sarki ya yi masa kyautar ƙauyen, sai aka riƙa cewa Koothan-ur, "ur" a yaren Tamil gari ke nan, kamar dai mu ce garin wane. Su a wurinsu baiwar waƙarsa daga Saraswati ya same ta, to kin ga dalilin da ɗalibi zai ce bari shi ma ya je ya roƙa.

In kika lura da gunkin, mace ce a zaune ta tanƙwashe ƙafa kan wani farin fure mai kama da furen bado, sanye da fararen kaya, hannu huɗu. Ɗaya riƙe da littafi irin na da, wanda ake rubutawa a ganyen wata bishiya 'yar'uwar giginyarmu a huda a zura zare, ɗaya da carbi, ɗaya da ɗan tulu, na huɗun kuma ta haɗa babban yatsa da manuni, alamar koyarwa ke nan a wurinsu. Ɗalibi zai sayi biro da littafin rubutu a rumfunan bakin ƙofa, ya haɗa da fure da kwakwa da ayaba, wani har da zuma, a karɓa a kai ƙafar gunkin a yi karance-karance da yaren Sanskrit a zagaya da wutar kafur sannan a dawo masa da kayansa, da wannan biron zai shiga jarrabawa. Cunkoson yakan yi tsanani gab da watan Maris lokacin jarrabawar aji 10 da aji 12, musamman ta aji 12 wadda a can take da muhimmanci wajen samun gurbin karatu na gaba.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ba na 'yan jarrabawa ba ne, na ƙananan yara ne. Akwai bikin kwana tara da suke kira Navaratri wajen Satumba ko Oktoba, a rana ta tara a gidajen mabiya Hindu na kudancin Indiya za a tattaro littattafan yara, mai kiɗa ya kawo kayan kiɗansa, tela kekensa, direba ya wanke motarsa, a jera a yi musu ado da fure, kuma ranar ba a karatu sam. Tambayi duk wani ɗan Tamil zai ce miki ita ce ranar da ya fi so yana yaro, rana ɗaya tak a shekara da uwarka da kanta za ta ce kar ka taɓa littafi. Washegari, ranar Vijayadashami, sai a ɗauko a buɗe, kuma ranar ce ake fara koya wa yaro harafi.

Yadda ake yi, za a zuba ɗanyar shinkafa a tire a baje ta, uba ko kaka ko wani malami ya ɗora yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu a cinya, ya kama ɗan manuninsa ya ja shi cikin shinkafar ya zana "a", harafin farko na Tamil, sai a shafe a sake wani. Rabin yaran kuka suke tsalawa, wasu kuma damƙar shinkafar suke su kai baki, iyaye na gefe da waya suna ɗauka. A maƙwabciyarsu Kerala har zoben zinariya ake sa wa a ɗan zana a harshen yaro, su kuma suna fara wa da "Hari Sri", kuma can abin ya wuce wurin bauta, marubuta da gidajen jarida ma suna shirya nasu. A jihar Telangana kuma akwai wani wurin bautar Saraswati a garin Basar, bakin kogin Godavari, shi ya fi Koothanur girma da suna, can allo da alli ake saya wa yaro, kuma babbar ranarsu Vasant Panchami ce wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu.

Wannan girmamawar tana bin su har aji. Ki sa ƙaninki ya lura, in ƙafar ɗaya daga cikin abokansa ta taɓa littafi bisa kuskure zai ga ya yi sauri ya taɓa littafin da hannu ya kai hannun ido ko goshi, neman gafara ke nan, don a ganinsa Saraswati ya taka. Aƙidar daban take da tamu nesa ba kusa ba, amma wanda ya tashi yana ganin kakarsa na tsince takarda mai rubutun Larabci daga ƙasa tana soke ta a katanga ba zai ce bai gane motsin ba.

Kar kuma ki ɗauka wai sun jingina da gunki sun bar karatu, ina, yaran nan da kika gani a layi su ne masu tashi ƙarfe huɗu na asuba su yi bita, daga makaranta su wuce lesin har dare. Zuwa Koothanur ɗin na kwantar da fargaba ne, ta yaron da ta uwar, ni a ganina ma ta uwar ta fi yawa.

Shi kuma ƙanin naki, in sun sake jan sa, ba wanda zai tilasta masa shiga ciki, zai iya tsayawa a waje wajen rumfuna ya jira su. In ya shiga takalmi a ƙofa ake barinsa, kuma a cikin ɗakin gunkin yawanci ba sa son ɗaukar hoto, ya tambaya tukuna. In aka miƙo masa jan garin da suke shafawa a goshi ko abincin da aka kai gaban gunkin, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce shi Musulmi ne, yankin akwai Musulmi da yawa, garin Nagore da Musulmi ke zuwa ziyara ma ba nisa, sun saba ba za su ji haushi ba.