Oba-oba Ta Kasa Haɗa Wunti Da Yelwa, Ina Gyaran?

Sani, ka ce wani magidanci ya kawo oba-oba biyu ƙirar Baofeng UV-5R, yana so iyalinsa su riƙa samun juna idan sabis ya ɗauke ko rashin lafiya ta taso cikin dare, amma daga Wunti zuwa Yelwa, a nan Bauchi, sai shuu kawai ake ji. Kana tambaya ko a nemo masa mai ƙarfin wat. Kada ka sa shi ɓarnar kuɗi, wat 5 ɗin nan ya isa. Tudu ne ya rasa.

Siginar VHF da UHF, wato zangunan da oba-oba ke aiki a kai, a miƙe take tafiya, ba ta zagaye dutse. Mutum a tsaye, eriyarsa mita ɗaya da rabi daga ƙasa, isarta wajen kilomita 5 ne a fili fetal. A cikin Bauchi kuwa, ga gine-gine, ga rufin kwano, ga duwatsu, ko hakan ba ya samuwa. Ɗaga eriya mita 25, sai ka ga ta kai kilomita 20.

Aikin rifita ke nan. Ana kafa ta a kan tudu ko hasumiya, ta ji maganarka a wata mita, wato lambar tasha, ta sake watsa ta nan take a wata. A zangon 144 zuwa 146 MHz, tazarar mitocin biyu 600 kHz ce. Idan rifita tana fita a 145.600, oba-obarka ta saurari 145.600, ta aika a 145.000. A menu na 25 na oba-obar sa alamar ragi, a na 26 sa tazarar, a na 13 sa sautin CTCSS, wato sautin da ke buɗe maka rifitar, wanda mai ita ya ba ka, misali 88.5. Nan yara suka fi tuntuɓe: kana jin kowa rangaɗau, kai ba mai jin ka. Duba sautin tukuna, sannan alamar ragin.

In mu za mu kafa rifitar, ka kula da kebul ɗin eriya. Kebul ƙirar RG-58 mai tsawon mita 15 yana cinye kusan rabin ƙarfin, a sa ƙirar RG-213. Eriya ɗaya ba ta ji da aikawa lokaci guda sai da dufileksa, na'urar da ke raba siginar shiga da ta fita. Naɗe mahaɗin da tef sosai, don ruwan damina in ya shiga kebul ya gama da shi, kuma a kafa sandar ƙasa saboda tsawa. Batir mai bolt 12 da sola, kar a dogara da NEPA.

Kada ka taɓa danna maɓallin magana babu eriya, transistar fitarwa tana iya ƙonewa.

Ka gaya wa magidancin gaskiya: wannan zangon na masu lasisi ne, duk wanda zai yi magana sai da nasa, kuma lambar kiran Najeriya da 5N take farawa. Babu sirri, kowa na ji. Su tsayar da tasha ɗaya ta kai-tsaye, wadda ba ta bi ta rifita, don ranar da rifita ta mutu, da lokacin da kowa zai kunna, kamar bayan isha'i.