Littafin magungunan kulle ba ya jiran dare

Ka tambaye ni me zai hana mu tara takardun likita na yini, in an tashi rufe kemis a shigar da su littafin magungunan kulle, wato waɗanda doka ta sa a kulle a kuma rubuta duk fitarsu, gaba ɗaya, wai ai duk ɗaya ne. Yaro, wanda bai taɓa ganin kwaɗon hukuma a ƙofarsa ba shi ke faɗin haka.

Ina shekara uku da karɓar lasisi wani mutum ya shigo da yamma, kamili, ga ladabi, riƙe da takardar allurar fetidin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, wai mahaifiyarsa ce ciwon daji ya kwantar. Hatimi ya fito raɗau, ga sa hannun likita. Mutane sun cika gaban kanta, sai na buɗe akwatin ƙarfe na miƙa masa, na ce anjima na rubuta. Anjima ta zama jibi. Sau uku yana dawowa, kullum sai ya daidaici lokacin cunkoso. Da tun zuwan farko na rubuta, a na biyu ina buɗe shafin zan ga maganin mako biyu ya ƙare a kwana huɗu, in ɗaga waya in nemi likitan. Ashe likitan ya bar asibitin tun shekarar da ta gabata, takardun na sata ne.

Da masu bincike suka zo, ko zama ba su yi ba. Suka ƙirga abin da ke akwati, suka duba ragowar da littafi ya nuna, allura goma ba su da gurbi. Wata huɗu ina rufe, haya na tafiya, magani na lalacewa a kan kanta, masu sayen da na sha wuya na tara suka koma wani wuri. Shi kuwa ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Har yau in na tuna irin godiyar da ya riƙa zuba min, sai raina ya ɓaci.

Kuma ba hukuma ɗaya ce ta ƙirƙiro dokar don ta wahalar da kai ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ce ta sa fetidin da ɗan'uwansa mofin a jerin farko na magungunan da ake tsananta sa ido a kansu, ta ce a adana bayanansu aƙalla shekara 2.

Zancen firjin insulin tsakanin digiri 2 da 8, ko jera maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa a gaba, ba zan ɓata bakina ba. Ku 'yan yanzu kwamfuta ce malamarku, ko ƙirga kwali ɗaya da hannu nauyi yake muku. Ka rubuta kafin mutum ya bar gaban kanta: kwanan wata, sunansa, sunan likita, adadi, ragowa. In ka yi kuskure kada ka goge, rubuta gyaran a gefe ka sa hannu. Yanzu ajiye wayar nan, ɗauko makulli mu ƙirga.