Ku Tambayi Tsohon Direba: Mota ta shaƙe mini a tsakiyar tudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni matashi ne a nan Zinder unguwar Garin Malam, kawuna ne ya ba ni Hilux ɗinshi ina kai kaya ƙauyukan arewacin Gure, shekarata 3 da permi amma duk a kan gudron na koyi tuƙi. Satin da ya wuce a hanyar Tasker na zo hawa wani tudun rairayi, saura kaɗan in kai sama sai mota ta fara shaƙewa, na taka kuloci zan canza bites (giya) kawai sai na ji tana zamewa baya, na ruɗe na murza sitiyari wai in juyo ta, Baba wallahi sai da ta karkace tayoyin gefe guda suka kusa barin ƙasa, buhun gero 2 suka zubo, wata tsohuwa a baya ba abin da take sai salati. Me ya kamata in yi a lokacin? Sannan wani abokina ya ce in zan gangara in sa ta firi, wato in cire bites, in riƙe da birki, wai ana rage shan gazuwal, gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, barka da arziki, ka je ka yi sadaka ko da ta ƙosai ce don Allah ne Ya rufa maka asiri ranar.

Kuskurenka biyu ne kuma na biyun ya fi muni. Na farko taka kuloci a tsakiyar hawa. Rairayi ba gudron ba ne, kana raba inji da taya ko na ƙiftawar ido ne yashi zai riƙe motar, gudun da ka taho da shi ya tafi kenan. Bites ɗinka (giya inji 'yan uwanmu na Kano) tun daga gindin tudu ake zaɓarshi, kuma da shi za ka kai har sama. In da kaya ka ɗauko, tsaya a ƙasa ka sa 4L (inda tayoyi huɗu duka ke ja da ƙarfi amma a hankali), ka ɗauki na 2 ko na 3, ka ja baya kaɗan don ka samu fili, sannan ka taho a miƙe da wuta daidai, ba ka ƙara ba ka rage. Kuma tun kafin nan ka sassauta iskar tayoyi, wanda a gari kake sa ma kilo 2 da wani abu ka maido shi wajen kilo 1 da rabi ko ƙasa kaɗan, taya sai ta baje kamar tafin raƙumi. Amma fa da iska kaɗan ba a shan kwana da ƙarfi, taya na iya fita daga janti (ƙarfen da take zaune a kai), kuma ka riƙe fanfo a mota don ka mayar kafin ka hau gudron.

Na biyu shi ne murza sitiyarin nan. Ɗana, a jikin tudu mota hanya biyu kawai ta sani, sama ko ƙasa, kana ba tudu gefenta nauyi duk zai koma kan tayoyin ƙasa, su nutse cikin yashi, na sama su ɗaga, balle ku da kuke lodi har ya wuce kan mota ga mutane zaune bisa buhuna. Ni da idona na ga wata kat-kat (mota mai ja da tayoyi huɗu) kwance a gefenta wajen tuddan bayan Kelle, direban na zaune a ƙasa ya riƙe kai, jarkokin mai sun watse, wata akuya ɗaure tana ta kuka, kuma ba gudu ya yi ba, juyowa kawai ya so ya yi irin taka.

In hawa ta gagara ga abin yi: taka birki ka riƙe ta cak, in ta mutu ka tada ta ƙafarka na kan birki, ka sa bites na baya, ka dinga sakin birki a hankali kana sakin kuloci har ka sake shi gaba ɗaya, ta sauko a kan sawun da ta hau da shi. Kar ka ji kunya, mu ma sau 3 sau 4 muke gwada tudu guda. In ta ƙi, a sauke mutane su hau da ƙafa, ko ka jira asuba lokacin da yashi ya yi sanyi ya ɗan kama jikinshi, da azahar kam kamar gari yake.

Wani abun kuma, in ka kusa ƙoli ka ɗaga ƙafa daga totur. Tudun rairayi fuska biyu gare shi, wadda iska ke bugawa tana da sauƙi, ta bayan kuwa a tsaye take kusan digiri 33, kai kuma daga cikin mota sama kawai kake gani. Tudun da ba ka sani ba ka sauka ka leƙa, ko ka tura yaron mota.

Sai maganar abokinka. Ka gaishe shi ka ce Baba ya ce kar ya ƙara faɗa ma kowa wannan magana. Gazuwal nawa za ka rage a gangara guda, cikin kofin shayi? Mota a firi ba mai riƙe ta sai birki, birki kuma in ya daɗe a take zafi yake ɗauka har ka ji ƙauri, ka taka ka ji ya yi laushi, a kan yashi ko tsakuwa kuwa tayoyi na iya kullewa gindin mota ya zagayo gaba. Masu kashe inji a gangara sun fi ban tsoro, don taku 2 ko 3 birkin zai yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Gangara da 4L ake yinta, bites na 1, hanci a miƙe, ƙafa nesa da kuloci, ka bar inji ya yi ta gurnani shi ne ke riƙe ta. In ka ji baya na zamewa ka ɗan ba ta wuta kaɗan ta miƙe, na san zuciya ba ta so amma haka ne.

Wannan duk na yashi ne. In hanya ta kai ka duwatsu irin na Kutus to can ba a son zafin nama sam, tafiyar hawainiya ake yi, kana ɗora taya a kan dutse maimakon ka bar shi ya daki cikin motar.

TAMBAYA: Baba Land Cruiser ɗina tsohuwa ce, in na sa kat-kat tayoyin baya kaɗai ke tonon ƙasa. Ta lalace ne? Daga wani mai karatu a Tanut.

AMSA: Kafin ka kai ta garaji ka duba tsakiyar tayoyin gaba, akwai ɗan abin murzawa an rubuta FREE da LOCK, ka maida duka biyun kan LOCK. In ka dawo kan gudron ka cire kat-kat ɗin, in ba haka ba za ka ji tana ƙin shan kwana tana cin taya. In kuwa suna LOCK kuma gaba bai ja, to sai makanike ya kwance ya gani.