Amsa: Arduino da ESP32 sun ƙi jin maganar juna

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa Arduino Uno da ESP32 (ƙananan allunan lantarki da ake loda wa furogiram) don aikinka na kammala digiri a ATBU Bauchi, amma tarkacen haruffa kawai kake gani a allo. Galibi saurin aika saƙon ne bai zo ɗaya ba. In wannan yana kan saurin 9600 (bit a daƙiƙa ɗaya), wancan yana kan 115200, har gobe ba za su fahimci juna ba. Ka mayar da su duka 9600 tukuna, musamman in SoftwareSerial (manhajar da ke mayar da wasu ƙafafun Uno, wato wuraren haɗa waya, hanyar aika saƙo) kake amfani da ita, don ba ta jure gudu sosai.

Sai wayoyi: TX (ƙafar aika saƙo) na wannan ya tafi RX (ƙafar karɓar saƙo) na wancan, haka ma ɗaya ɓangaren, kuma dole a haɗa GND ɗinsu, wato ƙafar negatif.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Uno volt 5 take fitarwa, ƙafafun ESP32 kuwa 3.3 suke ɗauka. Don rage wutar, sa rezisto 1k (ohm 1,000) daga TX na Uno zuwa RX na ESP32, sannan 2k daga wannan RX ɗin zuwa GND, kar ka ƙona ESP32 ɗin a banza ga tsadar kaya.

Ƙafa 0 da 1 na Uno kuma da USB suke tarayya, cire wayoyinsu kafin ka loda furogiram.