Dalilin da NBC ke sauyawa daga gari zuwa gari a Amurka

Malam, ka tambayi abin da ya sa shirye-shiryen NBC, kafar talabijin ta Amurka, ba sa zama iri ɗaya a ko'ina. Yawancin tashoshin da ke nuna shirye-shiryenta ba mallakarta ba ne, yarjejeniya suka ƙulla da ita. Uwar tasha ke turo shirye-shiryen dare, ƙarfe 8 zuwa 11 agogon gabashin Amurka, amma labaran gari da wasu guraben talla na tashar yankin ne.

Kamfanin Nielsen, mai ƙidayar masu kallon talabijin, ya kasa ƙasar zuwa kasuwanni 210, wato yankunan kallo. New York ce babba, Glendive ta Montana ce auta, kuma yawan gidajen da ke kallo shi ke yanke kuɗin talla. Mazauna bakin iyakar jihohi ne ke shan haushi. Gundumarsu kan faɗa kasuwar wata jiha, sai su wuni suna kallon labarin gwamnan da ba nasu ba.