Ɗana yana toshe kunne idan aka tayar da injin markaɗe, ko lafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana yana da wata 20. Duk lokacin da maƙwabta suka tayar da injin markaɗe ko janareta sai ya toshe kunnuwansa ya fashe da kuka. Ba ya yarda ya taka yashi ba takalmi, ranar aski kuwa sai mutum biyu sun riƙe shi. Ga cin ƙasa, da na juya baya sai in tarar da bakinsa dumu-dumu. Wani lokaci yana tafiya a kan yatsun ƙafa. Magana kuma ba ta wuce "Mama" da "ruwa" ba. Surukata ta ce babansa ma sai da ya shekara 3 bakinsa ya buɗe, in daina ɗaga hankalina. Maƙwabciyata kuma ta ce a nema masa rubutu. Ni dai raina bai kwanta ba.
Wata uwa daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Bari in fara da abubuwan da ba su ba ni tsoro ba a cikin wasiƙarki, don su ne suka fi yawa.

Yaron da bai kai shekara 2 ba kullum cikin gwaji yake. Kunnensa da fatarsa da harshensa suna kai wa ƙwaƙwalwa saƙo, ita kuma ba ta gama koyon wanda za ta kula da wanda za ta watsar ba. Ke idan injin ya tashi kin san tattasai ake markaɗawa, kuma kin san zai mutu nan da ɗan lokaci. Shi bai san ko ɗaya ba. Autana yana wannan shekarun ƙarƙashin gado yake shigewa idan mai babur ya zuga a ƙofar gida, yau ga shi sai na yi masa faɗa kafin ya rage ƙarar rediyo. Ƙin taka yashi, kukan aski, tofar da abinci mai gudaji, juyi har jiri ya kayar da shi yana dariya, duk na gan su ba adadi a shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma galibi da kansu suke wucewa. Tafiya a kan yatsu ma haka take ga wanda bai daɗe da koyon tafiya ba. Sai idan ya wuce shekara 2 kuma kusan kullum haka yake tafiya, ko diddigensa ba ya iya taɓa ƙasa, ko ƙafa ɗaya ce kawai, to a nuna wa likita.

Cin ƙasa kuwa zan ɗan tsaya a kansa, saboda inda kike. Kai komai baki al'adar ƙananan yara ce har wajen shekara 2. Amma yaron da yake neman ƙasa da gangan, yana kankarar bango yana haɗiyewa, sau da yawa jininsa ne ya yi ƙasa saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma ƙasar tana ƙara masa tsutsar ciki. Gwajin jini mai sauƙi zai nuna. Sannan mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta gauraye da ƙasar da yara ke wasa a kai. Idan akwai mai aikin haƙar zinare a gidanku, ko kuna kai yaron ƙauyen da ake yi, ki faɗa wa likita da bakinki, kada ki jira ya tambaya. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa da magana tun kafin a ga wata alama a jiki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarancin maganarsa, da kuma wani abu da ba ki ambata ba sam. Idan kin kira sunansa daga bayansa, yana waiwayowa? Idan jirgi ya wuce ko akuya ta shigo gida, yana nuna miki da yatsa ya kalli fuskarki, kamar yana cewa kin gani? Idan kin ce "kawo takalminka" ba tare da kin nuna ba, yana kawowa? Yana ɗaukar cokali ya yi kamar yana ba 'yar tsana abinci, ko ya kara wani abu a kunne yana kwaikwayon babansa a waya? Waɗannan tambayoyin sun fi mini muhimmanci a kan toshe kunne sau goma. Yawancin yara suna amsa sunansu kafin su cika shekara, suna nuni da yatsa kafin wata 18, suna haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Baba tafi" wajen wata 24. Yaron da yake yin duk waɗannan amma bakinsa ya yi nauyi, yawanci yana kamo tsaransa. Wanda ba ya waiwaye, ba ya nuni, ba ya haɗa ido, ga kuma tsananin ƙin ƙara da taɓawa har yana hana shi ci da barci, shi ne ake so a duba ko yana da larurar da likitoci ke kira otizim. Akwai kuma alama ɗaya da ba a jira a kanta ko mako guda: yaro ya iya kalma ko ɗaga hannu na bankwana, sannan ya daina.

Kalma biyu a wata 20 ta yi kaɗan. Ba na cewa akwai matsala, amma ta isa a duba, kuma kunne ake fara dubawa. Za ki ce ai yana ji, tunda ƙarar inji tana damunsa. Jin ƙara daban, jin magana daban. Bayan mura ruwa yakan taru a bayan dodon kunne ya yi watanni, ba zafi ba zazzaɓi, yaro yana jin mutane kamar ya nutsa kai a cikin randa. Ƙyanda, sanƙarau, shawara mai tsanani a makon haihuwa, kunne mai zubar da ruwa, da wasu allurai irin su jentamaisin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, duk suna rage ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara abu ne da za a iya kare shi. Kada ki dogara da tafa hannu a bayansa, yara suna ganin inuwa suna jin motsin iska su juyo, uwa ta ɗauka lafiya lau. Na taɓa ganin yarinyar da aka yi shekara biyu ana kira mai taurin kai a gida, ashe ba ta ji ne. Da na'ura ake gwajin, ba ya zafi, ana ma yi wa jariri yana barci. Ki fara da likitan yara a babban asibitin da ke kusa da ke, shi zai tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Idan abin ya fi ƙarfinsu akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Maganar Hajiya surukarki, wataƙila gaskiya ce babansa ya yi jinkiri, nauyin baki yana bin jini. Sai dai raunin ji ma yana bin jini, don haka ni maganarta ƙarin dalilin zuwa asibiti ce. Ba sai kin yi musu da ita ba, ki roƙe ta ta raka ku, ita ce ma ta fi sanin tarihin gidan idan likita ya tambaya. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, ba ta hana gwaji. Abin da nake roƙo kada a ɗiga masa man gyaɗa ko nono ko wani jiƙo a kunne.

Kafin ranar asibiti, ki ɗauke shi ki matsa nesa idan za a tayar da inji, ki gaya masa tun kafin ya tashi. Yashi kada a tilasta masa, ki zuba a faranti ya fara taɓawa da hannu. Ki rage ba shi waya, don Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta son a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, ki yawaita yi masa hira kina girki kina wanki. Ki rubuta duk kalmar da yake faɗa, har da waɗanda ke kaɗai ke ganewa, ki ɗauki ɗan bidiyonsa yana wasa da kuma lokacin da kike kiransa daga baya, saboda yara a gaban likita sai su maƙale a jikin uwa su ƙi yin komai. Ki tafi da katin rigakafinsa.